Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru kan hukuncin masu tare hanyar ruwa

Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Arewa Mai Nisa, da Prefe, wato shugabannin gundumomi, na Diyamare da na Mayo Danay da na Logon da Shari, da magadan garuruwanmu, da iyayenmu sarakuna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinku, ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne mazaunin Marwa. Fiye da shekara 30 ke nan ina fataucin shinkafa da busasshen kifi da albasa tsakanin Yagwa da Maga da Kusuri, saboda haka hanyoyin da ruwa yake yankewa duk damina su ne hanyoyin cin abincina, kuma mutanen da ake nunawa a talabijin zaune a kan jinga da tabarmi da tukwane, da yawansu na sha ruwa a gidajensu. Na zaɓi in rubuto muku yanzu da rani, lokacin da Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, ya zama filin yashi yara suna buga ƙwallo a cikinsa, domin in aka bari sai Agusta babu mai sauraron zancen doka, kowa yana neman buhun da zai cika da ƙasa ne ya tare ƙofar gidansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya faru kun fi ni saninsa. A 2012 ruwa ya kusa cin madatsar Maga, har Shugaban Ƙasa Paul Biya ya zo Girbidik, kusa da Maga, da kansa a watan Satumba. A Agustan 2020 gadar Palar da ke Marwa ta karye, manyan motocin da ke kai kaya Mora da Kusuri da Injamina suka yi cirko-cirko a bakin mayo, wato kogi. A Oktoban 2022 ruwa ya shiga unguwannin Kusuri, a 2024 kuwa ambaliya ta shafi fiye da mutum 400,000 a jiharmu, ta tafi da gadar Yagwa. Bayan kowace ɗaya daga cikinsu magana guda ake ji daga ofisoshi: mutane sun yi gini inda doka ta hana, sun toshe magudanan ruwa, sun ɓata jinga, kuma za a hukunta su. Ban zo in musanta wannan ba, gaskiya ne, ni kaina ina da nawa kason laifin kamar yadda zan faɗa a gaba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda hukuncin yake sauka, da kuma wanda yake sauka a kansa. Abin da idona ya gani shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Na sa ɗan wani aminina da ya karanta shari'a a jami'a ya zauna ya fassara mini dokokin da suka shafi wannan batu, kuma na yi mamakin ganin cewa ba dokoki muka rasa ba. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilun 2004, a sashe na 9, ta ce ba a yin gini a filin da ke fuskantar haɗarin ambaliya ko zaizayar ƙasa, kuma ita ce ta ɗora wa magajin gari bayar da izinin gini. Dokar filayen gwamnati ta 6 ga Yulin 1974 ta sa koguna da tafkuna cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa, ba a kuma mallakarta komai daɗewar zama a kanta, har ta keɓe mita 25 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika a bakin kogunan da jirgi ke bi. Takwararta ta rana ɗaya, wadda ta shafi mallakar fili, ta ce a sashe na 8 duk cinikin filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba ɓatacce ne, kuma mai sayarwar zai iya fuskantar tarar sefa 25,000 zuwa 100,000, ko ɗaurin kwana 15 zuwa shekara 3, ko duka biyun. Sannan dokar 4 ga Yulin 1985, wadda ta tsara biyan diyya in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, ta ce babu diyya ga ginin da aka yi bisa saɓa wa ƙa'idojin tsara gari ko na mallakar fili.

Ina roƙon ku ɗora waɗannan biyun na ƙarshe a kan sikeli ɗaya, domin a nan maganata take. Akwai wani ɗan ƙanena, magidanci mai 'ya'ya biyar, da ya yi shekaru yana tara kuɗin acaɓa har ya sayi fili a bayan gari. A watan Maris aka kai shi ya gani, ƙasa a bushe ta tsattsage, babu ko ɗigon ruwa, dillali yana nuna masa inda wai za a yi makaranta da inda kwalta za ta bi. Aka rubuta takardar ciniki, mai fili ya sa hannu, shaidu suka dangwala, wani mai riƙe da unguwa ya buga hatimi ya karɓi abin da aka saba bayarwa. Yaron bai san bambancin wannan takarda da cikakkiyar takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira titir fonsiye, ba; shi dai ya ga hatimi, kuma a wurin talaka hatimi hukuma ce. Ya yi ɗaki biyu da zaure. Yana haƙa harsashi ba wanda ya zo, yana ɗora bulo ba wanda ya zo, ya yi rufi ya tare da iyalinsa ba wanda ya ce masa uffan. Damina ta biyu ruwa ya kai masa gwiwa a tsakar ɗaki, da ruwa ya janye kuma sai ga ma'aikata da gwangwanin jan fenti, suka zana masa gicciye a bango suka ce gidan yana kan hanyar ruwa, za a rushe. Ashe filin ƙasar masakwa ce, irin baƙar laka da Fulani ke kira karal, wadda kowane manomi a Diyamare ya san amfaninta shi ne ta riƙe ruwa har ƙarshen damina a dasa dawa a kan danshinta. Wanda ya sayar ya sani, domin gonar ubansa ce. Wanda ya buga hatimi ya sani, domin a nan aka haife shi.

To, mai saye zai rasa gidan da ya zuba gumin shekara goma a ciki, ba diyya, bisa doka. Mai sayarwa kuwa, ko da an kai shi gaban alƙali an ci shi tara mafi tsanani, sefa 100,000 ce, kuɗin da ba lalle ya sayi ragon layya na kirki a kasuwar Marwa ba. An yanka wannan adadi ne tun 1974, shekara 20 kafin a karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuma mutumin da ya yanka gona gida talatin ya sayar zai biya shi daga kuɗin fili guda ya yi saura. Akwai ɗauri a cikin dokar, haka ne, amma a duk yawan zaman da nake yi da 'yan kasuwa da dillalai ban taɓa zama da wanda ke tsoron wannan ɗaurin ba. Gicciyen jan fenti kowa yana tsoronsa, domin kowa ya ga katafila tana aiki. Na san gyara adadin tara aikin majalisa ne a Yawunde, ba na ofishin Gwamna ba, sai dai rahotonku yana isa inda muryarmu ba ta isa, kuma shigar da ƙarar mai sayarwa a gaban mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar sabuwar doka. Abin da nake nema shi ne a mayar da shi ƙa'ida: duk gidan da aka shafa wa jan fenti saboda yana kan hanyar ruwa, a karɓi takardar cinikinsa a ranar, a bi sunayen da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, kuma kada katafila ta taɓa bango sai an aika wa mai sayarwa sammaci, an nemi ya mayar da kuɗin da ya karɓa a kan cinikin da doka ta ce ɓatacce ne.

Allah ya ja zamanin iyayenmu Lamiɓe da Sultan-sultan, wannan gaɓar ta shafe ku, kuma ina faɗa ne da ladabin ɗa ga uba. Lawanai da jauro-jauro da bulamomi a ƙarƙashinku suke, su ne suka san tarihin kowace gona, su ne za su iya nuna inda ruwa ya tsaya a shekarar kaza ba tare da taswira ba. Wannan sanin amana ne. In mai unguwa ya sa hatiminsa a cinikin fadama, bai sayar da ƙasa kaɗai ba, ya sayar da yardar da talakawa suka yi wa sarauta. Mafi yawansu mutanen kirki ne, na san waɗanda suka kori dillalai daga ƙofar gidansu, amma 'yan kaɗan da ke yi sun isa su ɓata sunan sauran, kuma tuɓe rawanin mutum ɗaya a bainar jama'a saboda wannan laifi zai yi aikin da tara ɗari ba za ta yi ba. Haka nan ma'aikatan gwamnati. Dokar 14 ga Yulin 1980 ta tanadi tarar sefa 50,000 zuwa 200,000 da ɗaurin wata 2 zuwa shekara 3 ga wanda ya zauna a filin da ba nasa ba, kuma ta ambaci ma'aikacin gwamnatin da aka samu da haɗa baki a cinikin da ya jawo irin wannan zama. Rabin farko na wannan sashe ana karanta wa talaka shi da ƙarfi. Muna so mu ji an karanta rabin na biyu ga mai awon da ya kafa turaku a cikin kwari, da wanda ya ga gini yana tashi wata shida ya kau da kai saboda an ba shi na goro.

Sai kuma masu hali, waɗanda laifinsu ya fi girma amma jan fenti bai san hanyar gidajensu ba. Talaka in ya yi gini a kwari kansa ya cuta, ruwa ɗakinsa zai shiga. Mai kuɗi in ya sayi kwari, tifa yake turowa ta yi ta juye ƙasa har wurin ya zama tudu, ya zagaye da katangar siminti mai tsawo, ya yi gidan mai ko rumbun ajiya ko katafaren gida. Ruwan da ya saba kwanciya a wannan wuri bai ɓace ba, maƙwabta ya koma wa, waɗanda suka yi shekara arba'in a gidajensu ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofarsu ba. Na ga unguwar da katanga guda ta mayar da ita tafki. Dokar kare muhalli ta 5 ga Agustan 1996, a sashe na 79, ta tanadi tarar sefa miliyan 2 zuwa miliyan 5 da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 ga wanda ya yi aikin da ke buƙatar binciken illarsa ga muhalli ba tare da ya yi binciken ba. Wannan ma ga mai gina gidan mai ba wani kuɗi ba ne, zai lissafa shi cikin kuɗin siminti ya wuce. Hukuncin da zai ji a jikinsa shi ne a tilasta masa ya fasa katangar ya buɗe wa ruwa hanyarsa da kuɗinsa, ya kuma biya waɗanda ɗakunansu suka faɗi. In za a fara rusau a kowane gari, a fara da irin wannan katanga. Ranar da mutane suka ga haka, rabin gardamar da ake yi da ma'aikata a unguwannin talakawa ta ƙare.

Akwai abin da ya rataya a wuyan hukuma tun kafin ta ɗaga sanda. Wannan sashe na 9 na dokar 2004 da ya hana gini a wurin ambaliya, shi ne kuma ya ce a fayyace wuraren a cikin takardun tsara gari, in babu su kuwa magajin gari ya fitar da sanarwa a kansu. Taswirar da ke cikin durowa a meri, wato ofishin magajin gari, ba ta hana kowa sayen fili. Iyayenmu suna da kalmar da ta warware wannan tuntuni, wato hurumi: maƙabarta tana da huruminta, filin idi da burtali da bakin rijiya kowanne yana da nasa, yaro ma ya san ba a noma ko gini a ciki, domin an nuna masa iyakar da ido. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da cewa kogi da rijiya suna da hurumin da ba mai mallakarsa, kuma hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa kowane ɗalibi ya haddace shi. A kafa turakun siminti masu fenti a gefen Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga da kowane kwari da aka san ruwa na kwanciya, a yi haka da rana tsaka tare da mai unguwa da liman da fada ko fasto da dattawa, yadda gobe ba mai cewa bai sani ba. Wanda ya tsallake turke ya yi gini, ko ya tumɓuke shi da dare, wannan ba ni da abin cewa a kansa, doka ta yi aikinta.

Dalilin da ya sa na rubuto da Hausa ke nan, ko da yake na san takardun ofis da Faransanci ake yinsu. Duk dokokin da na ambata da Faransanci da Ingilishi aka buga su, alhali waɗanda za su hau kansu Fulatanci suke ji, da Hausa da Larabcin Shuwa da Musgum da Masa da Tupuri da Kotoko da Barbarci da Giziga. Ni da nake da shago da ɗan abin hannu sai da na tsufa na san cewa takardar da muke kira takardar fili ba ta da ƙarfin komai a gaban alƙali. A fassara waɗannan sassa kaɗan, a karanta su a gidan rediyon jiha da ƙananan gidajen rediyon garuruwa, a ba limamai su faɗa ranar Juma'a, a sa sankira ya zaga ranar kasuwa.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maganar jinga, wadda mutane ke kira dig, ita ce inda ba zan nemi sassauci ga kowa ba. Madatsar Maga da aka gina a 1979 saboda gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, ƙasa ce aka dandaƙe tsawon kilomita 27, haka ma jingar da ke bin gaɓar Logon. Bayan ambaliyar 2012 Bankin Duniya ya ba da rancen dalar Amurka miliyan 108 don aikin gaggawa na yaƙi da ambaliya da ake kira PULCI, aka gyara madatsar da kimanin kilomita 70 na jingar Logon, kuma bashi ne da jikokinmu za su taya biya. Jingar ƙasa ba ta faɗuwa da tsawa. Daga ƙaramin abu take fara mutuwa: ramin da mai tubali ya haƙa a gindinta don laka ta fi kyau a wurin, bututun da mai lambu ya binne a cikinta don injin ban ruwansa, sawun garken shanu da ke hawa wuri guda kullum har ya zama kwari, ramin gafiya da ba a toshe ba. In kogi ya cika, ruwa yana bin wannan rauni yana tsiyaya ta ɗaya gefen, yana ɗauke ƙasa kaɗan-kaɗan daga ciki, kuma masana aikin sun ce in ka ga ruwan da ke tsiyayar ya gurɓace ya yi launin ƙasa, to jingar ake ci. Daga nan zuwa ɓallewa dare ɗaya ya isa. Mutumin da ya haƙa wannan rami ya sami tubali dubu, ƙauyuka kuma sun rasa rumbuna da dabbobi, wani lokaci har da rayuka. Irin wannan laifi bai kamata a kashe shi a zaure da ban haƙuri ba. A kai shi kotu a matsayin ɓarnata dukiyar jama'a, a yi shari'ar a garin da abin ya faru, a sa shi ya cike ramin da hannunsa ko da kuɗinsa ƙarƙashin idon injiniya.

Amma ko a nan adalci yana neman a bambanta. Makiyayi dole ya kai shanunsa ruwa, kuma in ba a yi masa mahayi mai dutse ko siminti a kan burtalinsa ba, duk inda ya samu zai hau. Mai tubali a nuna masa inda zai ɗebi laka nesa da jinga. Mafi wuya shi ne mutanen da ruwa ya ci ƙauyensu, suka fita da dare da fartanya suka fasa jinga don ya sauka, ya tafi ya ci na maƙwabtansu. Laifi ne babba, ya sha jawo gaba tsakanin ƙauyukan da ke auratayya, kuma tsoron ɗauri ba ya hana wanda ruwa ya kai wa 'ya'yansa wuya. Abin da ke hana shi shi ne ya san akwai wanda zai kira a wannan daren, mai ikon yanke shawarar inda za a saki ruwa, kuma akwai tudun da aka tanada a kai iyalinsa. A naɗa masu gadin jinga daga ƙauyukan da ke bakinta, kowane yanki da nasa, a biya su ko da kaɗan ne, a ba su waya da fitila. Su ne za su ga ramin tun yana ƙarami, su ne kuma shaidun da kotu za ta buƙata.

Shara da leda kuwa laifinmu ne mu 'yan kasuwa kafin kowa. Tun Afrilun 2014 haramcin leda mai shara-shara ya fara aiki a ƙasar nan, amma har gobe a cikinta nake ƙulla wa mai saye kaya a shagona, kuma na san a lambatu za ta kwana. Mun mayar da mayo juji, muna jiran ruwan farko ya kwashe mana, shi kuwa ya kai ta bakin kwalbati ya toshe ya dawo mana da ita har ɗaka. Sashe na 82 na dokar 1996 ya tanadi tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5 da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1 ga mai gurɓata ruwa ko ƙasa. Wannan adadi ya dace da mai shigo da leda dila-dila da mai juye motar shara a cikin mayo, amma ba wanda zai karɓi miliyan a hannun mai ƙosai, kuma tarar da kowa ya san ba za a iya biya ba ƙofar ciniki ce kawai take buɗewa tsakanin mai laifi da ma'aikaci. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya shigo da aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri ga ƙananan laifuka. Wanda ya toshe lambatu, babu aikin da ya fi dacewa da shi kamar yashe lambatu. Sai dai a fara ajiye wa unguwannin bayan gari inda za su zuba sharar. Masu ɗibar yashi ma a ja musu iyaka nesa da ƙafafun gadoji, a kuma kama mai tifar da ya aiko su maimakon yaran da ke riƙe da shebur. Kowace tara a biya ta a ma'ajin meri da rasit, a liƙa jerin waɗanda aka ci da abin da aka tara a ƙofar ofis duk wata, a faɗa mana lambatu nawa aka yashe da kuɗin.

Game da lokacin rusau, roƙona gajere ne. Kada a rushe gidan kowa tsakanin Yuni da Oktoba sai in rai ne ke cikin haɗari. A ba da wa'adi a rubuce tun farkon rani, a nuna wa mutum inda zai koma, wuri mai tudu da rijiya da hanyar zuwa kasuwa, domin wanda aka tasa ba a nuna masa wuri ba wani kwarin zai nema, tunda nan ne kaɗai kuɗinsa ke iya saye, shekara biyu kuma ku sake haɗuwa da shi da gwangwanin fenti.

Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa in faɗi abu na ƙarshe da mutane ke faɗa a tasha da majalisar shayi, ko da ba sa faɗa a gabanku. A ziyarar 2012 an yi alkawarin jinga mai hanya a kanta, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kusuri. Ambaliyar 2022 ta zo ba ta tarar da ita ba, ta 2024 ma haka. Wannan ba ya wanke wanda ya haƙa rami a gindin jingar da ke akwai, amma ma'aikacin da kuka aika ya ci wani tara yana shan wannan gorin, kuma ba shi da amsa. Duk kilomita guda da aka gina tana ƙara wa sammacinku nauyi.

Kafin ruwan farko ya sauka a Yuni, muna fatan mu ga turakun hurumi a tsaye ko da a gefen Mayo Kaliyawo kaɗai ne, mu kuma ji cewa an kira masu sayar da filayen da aka riga aka shafa wa jan fenti. Ɗan ƙanen nawa yana nan a gidan da gicciyen ke bangonsa, takardar cinikin tana cikin leda a ƙasan akwatinsa, da sunan mai sayarwa da na shaidu uku da hatimi a kanta, kuma a shirye yake ya kawo ta duk ofishin da kuka ce. Mu ma a layinmu na kasuwa mun yi magana da juna, in aka sa ranar yashe lambatun da ya bi ta bayan shagunanmu, za mu rufe mu fito da shebur da baro.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan kasuwa, mazaunin Marwa